Shingen da Ba Ya Duba Birki

Duk direban haya da ke lodi daga Guri zuwa Haɗeja, ko daga Haɗeja zuwa Kano, lissafi uku yake yi kafin ya tayar da mota. Akwai kuɗin mai. Akwai na tasha, wato rabon 'yan kamasho da tikitin ƙungiya. Na ukun ba shi da rasit, ba ya cikin littafin kowa, amma shi ne wanda direba ba ya wasa da shi: canji. 'Yan naira 100 da 200, waɗanda suka fi jin jiki a cinikin jiya, zai nannaɗe su ɗai-ɗai ya jera a gaban sitiyari inda hannu zai kai ba sai ya duba ba. In babu canji, yaron mota ya ruga wurin mai shayi ya samo, fasinja na zaune cikin zafi suna jira. Akwai direban da zai bar tasha babu safayar taya. Da wuya a sami wanda zai bar ta babu canji.

Shingen kansa ba wani abin kallo ba ne. Tsofaffin tayoyi biyu, guntun kututture, wani lokaci katako mai ƙusoshi da aka ɗaura wa igiya, sai motar sintiri a inuwar darbejiya. Jami'i ya ɗaga hannu. Direba ya rage wuta, ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, barka da aiki." A amsa masa, "Direba, yaya hanya? Yaranka na nan fa." Hannu ya fita ta taga a dunƙule, ya dawo a buɗe. Sau da yawa tayoyin motar ba su ma daina juyawa ba.

To, a dubi motar da ta wuce. Golf ce da ta ga jiya ta ga yau. Mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda kwalayen bandar kifi, wani saurayi kuma ya ɗare a kansu ƙafafunsa na reto. Tayar baya ta suɗe har zare ya fito. Fitila ɗaya ce ke kamawa. Birki sai an taka sau biyu. Ban da birkin, duk sauran a fili suke, kuma a gaban idon jami'in suka wuce.

An saba kallon abin da ke faruwa a shinge a matsayin zaluntar direba, kuma zaluncin ne. Sai dai akwai ɓarnar da ta fi asarar naira 200 girma: farashin ɗaya ne ga kowa. Mai sababbin tayoyi da cikakkun takardu abin da zai miƙa ke nan, mai suɗaɗɗiyar taya da lasin da ya mutu tun bara shi ma haka. Direba ɗan kasuwa ne, ya iya lissafi. In gyara mota ba zai rage masa ko sisi a hanya ba, rashin gyarawa kuma ba zai ƙara masa ba, sai ya bar gyaran sai ranar da motar ta ƙi tashi. Shingen da aka kafa don ya bambanta motar kirki da motar ajali ya koma wurin da ake koya wa direbobi cewa bambancin ba shi da amfani.

Mai cikakkun takardun ma, in ya ce zai tsaya a kan gaskiyarsa, ya fi shan wuya. Kalma ɗaya ce hukuncinsa: "Faka." Sai ya gangara gefen titi, a karɓi takardun a riƙe, jami'in ya koma bakin aikinsa kamar ya manta da shi. In an waiwayo shi, sai a shiga laluben laifi. Ina tukunyar kashe gobara? Ga ta. Ai kwanan watanta ya wuce. Ina alamar nan mai kusurwa uku? Me ya sa lambar baya ta koɗe? Wa ya ba ka izinin wannan baƙin gilashin? Babu tsohuwar motar da za a yi wa irin wannan tankaɗe da rairaya a rasa abin kamawa. Kuma tun kafin a gama, fasinjojinsa sun juya masa baya. "Direba, don Allah ba shi mu tafi, dare na yi." In wani ɗalibi ko malamin makaranta ya fara kawo zancen doka, dattijon da ke gefensa zai taɓa shi ya ce, "Yaro, bari. Mu dai mu isa lafiya."

A ƙasar Guri wannan "faka" ta fi ciwo, saboda irin kayan da ake ɗauka. Guri na cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, a can gabas inda Jigawa ta yi iyaka da Yobe, cikin fadamar nan ta Haɗeja da Nguru da Kogin Haɗeja ke rarrabuwa yana shayar da ita. Su da noman rani da kiwo, su ne rayuwar mutanen Kadira da Abunabo da Adiyani da Musari da sauran garuruwan yankin. Abin da suke fitarwa kasuwa kuwa yawancinsa ba ya jira. Ɗanyen kifi in ya sha rana a but, mai saye a kasuwar kifi ta Haɗeja zai gane tun daga nesa, ya karya farashi yadda ya ga dama. Tattasai da attaruhu a cikin buhu dahuwa suke yi. Tumatir ya fi su rashin haƙuri. Mai kayan da ke son ya riski kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ko mai dabbobin da ke son Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa isa da hantsi da isa da la'asar ba ciniki ɗaya ba ne. Jami'in da ke riƙe da takardu shi ma ya sani. Ba ya bukatar ɗaga murya ko nuna bindiga. Ya dai jingina da mota ya bar rana ta yi masa aiki.

Kuma manomin fadama, kafin kayansa su hau mota, ya riga ya sha fama. Ya yi da kachalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogin ke zuwa. Ya yi da tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa. Ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, da suka cinye gonaki suka yanke hanyoyi. Abin da ya tsira da shi ne ake yanka a hanya, domin direba ba daga aljihunsa yake biya ba. Yana ɗora wa kowane buhu da kowane kwali, mai kaya ya rage wa masunci da manomi, ɗan kasuwa ya ƙara wa mai cefane.

Ana cewa "'yan sanda" ne don sauƙin magana, amma masu tsayar da mota a wannan hanya sun fi haka yawa. Akwai 'yan sandan. Akwai jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, 'yan Rod Sefti, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Akwai 'yan bi'ayo na jiha masu duba lafiyar mota. Akwai kwastan, waɗanda suka ƙaru a hanyoyin cikin gida lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, har mai ɗauke da shinkafar da aka noma a fadamar Haɗeja sai ya tsaya yana rantsuwa cewa ba 'yar waje ba ce aka sauya wa buhu. Ranar kasuwa kuma sai samarin haraji su fito da igiya da ɗan littafin rasit. In motar ta kai Kano, 'yan KAROTA na jira, hukumar da aka kafa a 2012, wadda direban ƙauye ke shakka fiye da kowa saboda bai san wane layi aka hana shiga ba, wace kwana aka hana juyawa. Kowannensu da takardar da yake tambaya. Kowannensu kuma yana iya cewa ta wancan ba ta shafe shi ba.

Takardun ma kullum haihuwa suke. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, rundunar 'yan sanda kuma ta sanar da fara kamen marasa ita daga 1 ga Fabrairun 2025. A 2024 rundunar ta fito da rajistar motoci ta intanet, ta sa ranar fara kame a watan Yuli, sannan ta dakatar bayan an yi ca a kanta. A 2025 aka dawo da batun izinin baƙin gilashi, wanda ya ƙare a gaban kotu. Wanda ya tsara kowace daga cikinsu a Abuja yana da hujjarsa, wata ma hujja ce mai kyau. Inshora, alal misali, ita ce za ta biya wanda aka buge. Amma kafin sanarwa ta iso hanyar Guri ta riga ta sauya kama. Sanarwar farawa tana isowa a ranar. Ta dakatarwa kan yi makonni a hanya.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. A 1998 an yi dokar tarayya kan haraji da ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar kuɗin shiga. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa hurumin Hukumar Kiyaye Haɗurra a kan hanyoyin tarayya yake, ban da na jiha da na ƙaramar hukuma. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a hukuncin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta ce 'yan bi'ayon babban birnin ba su da ikon tsare mota ko cin tara. Lauyoyi sun yi ta muhawara a rediyo kan iyakar waɗannan hukunce-hukunce. Direban da ke tsaye a rana da kifi a but ba shi da lauya, ba kuma zai ce wa mai riƙe da lasinsa, "Yallaɓai, ai an yi hukunci a Asaba" ba. Ko ya faɗa, amsar da zai samu ita ce ya je Asaban ya karɓi takardunsa.

Su kansu shugabannin 'yan sanda sun sha soke shingaye. Mohammed Dikko Abubakar ya yi haka a farkon 2012, jim kaɗan da zamansa Sufeto Janar, da kalamai masu zafi a kan rundunarsa. Ibrahim Idris ya maimaita a Satumbar 2017. Mohammed Adamu, a farkon Oktoban 2020, ya hana rundunar SARS da takwarorinta tsayar da motoci, mako guda kafin zanga-zanga ta sa a rushe ta baki ɗaya. Kowane karo direbobi kan ɗan sarara. Daga nan tayoyi su dawo kan titi da sabon suna, yau "binciken ababen hawa", gobe "sintiri na musamman". Ba kuma za a ce baƙi ne ke yi wa yankin haka ba. Jigawa ta ba ƙasar nan Sufeto Janar har biyu, Hafiz Ringim daga 2010 zuwa 2012 da Suleiman Abba daga 2014 zuwa 2015, makwabciya Yobe ta ba da Usman Alkali Baba daga 2021 zuwa 2023. Abin ya fi ƙarfin a ce ɗan wane gari ne ke kan kujera.

Dalilin dawowar shingaye ba ɓoyayye ba ne. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Agustan 2010, bayan hira da 'yan sanda da direbobi da 'yan kasuwa, ya bayyana yadda wani kaso na abin da ake tarawa a titi ke hawa sama daki-daki, abin da su kansu jami'an ke kira ritan. Kurtun da ke tsaye a rana, inji rahoton, sau da yawa an yanka masa abin da zai kawo, wani ma sai da ya biya kafin a tura shi wurin da ke da romo. A haɗa da motar sintirin da ake ba su babu mai, da kakin da mutum zai ɗinka da kuɗinsa, da barikin da rufinsa ke yoyo. Wannan ba ya wanke kurtu. Akwai takwarorinsa da albashinsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, da ba sa miƙa hannu, direbobi kuma sun san su, har sukan ce, "Yau mutumin kirkin nan ne a wurin." Amma umarnin da zai tsaya a kan kurtu, bai taɓa mai karɓar ritan ba, kwanansa kaɗan ne.

Girman abin a ƙasa baki ɗaya ma an auna shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da manyan laifuka, wanda aka fitar a 2017, ya ƙiyasta cin hancin da 'yan Najeriya ke ba ma'aikatan gwamnati a kan kusan naira biliyan 400 a shekara, 'yan sanda kuma na sahun gaba. Wanda aka fitar a 2024 ya ce biliyan 721 aka bayar a 2023. Ba duka a titi aka bayar ba, amma na titin shi ne wanda yaro ɗan shekara bakwai ke gani ta tagar mota, a zaune a cinyar uwarsa.

Sai dai duk wanda ya zauna a tasha ya saurari direbobi, zai ji rabin labari ne kawai. Za su ba shi labarin jami'in da ya ƙi karɓar tsohuwar naira 100, da wanda ya ba da canjin 500, da wanda a lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna musu mai POS a gindin bishiya. Ba za su ba shi labarin direban da bai taɓa shiga makarantar tuƙi ba, daga yaron mota ya zama mai mota, ko wanda ya kwana biyu bai runtsa ba yana danne barci da ƙwaya, ko wanda ke sayen tayar da ta gama aiki a Turai don ta fi araha. Da yawansu ba sa son shingen gaskiya. A jadawalin tarar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana aiki da shi, obalodi naira 10,000 ne, rashin lasin 10,000, amsa waya ana tuƙi 4,000, rashin ɗaura bel 2,000, kuma a banki ake biya, mota na tsare. Mai laifi uku a cikin waɗannan, in aka ce ya kawo 200 ya wuce, ba zalunci yake gani ba. Rangwame yake gani. Yana zagin jami'in bayan an wuce, amma da za a tambaye shi a ɓoye, ba zai so a sauya shi da wanda ba ya karɓa ba.

Shi ya sa abin ya yi kanta. Jami'i na samu, direba mai laifi na samu, mai mota da ke jiran balas da yamma na samu. Masu asara su ne direba mai gaskiya, mai kaya, da fasinjan da ke zaune a kan giya.

Mutanen hanyar Kano zuwa Haɗeja ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da mota ke iya yi. Daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta ƙwace ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka fito kwasar man da ke malala, wuta ta tashi. Aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu wurare, aka yi jana'izar gawarwaki a kabari ɗaya. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ce waɗanda suka rasu sun haura 200. Musibar Majiya tana da dalilanta, ciki har da talauci da tsadar man da a lokacin ya kai naira 1,000 lita, alhali kafin cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 bai kai 200 ba. Ba a ɗora ta a kan wani shinge ba. Amma ta nuna irin kayan da ke bin wannan hanya dare da rana, ta tsakiyar garuruwa da kasuwanni, da irin binciken da ya kamata a ce ana yi musu: lafiyar birki, murfin tanki, awa nawa direba ya yi bai huta ba. Jami'an da za su iya wannan aikin suna nan a hanyar. Hankalinsu ne aka karkatar zuwa tagar direba.

Wasu kan ce to a kwashe shingayen duka a huta. Mutumin Guri ba zai yi saurin yarda ba. Yankin ya sha ganin rikicin manoma da makiyaya, musamman bayan ruwa ya janye, garken shanu sun gangaro fadama amfanin gona bai gama tashi ba, kuma an yi asarar rayuka ba sau ɗaya ba. Yobe na nan kusa, mutane ba su manta shekarun da Boko Haram ta addabi jihar ba. Matafiyin da dare ya yi masa tsakanin Kirikasamma da Guri, in ya hango fitilar 'yan sanda, hamdala yake yi. Jama'a na son ganin kaki a hanya. Ƙorafinsu shi ne, ranar kasuwa sai a ga jami'ai biyar a kan kwalta, amma ranar da aka kira daga wani ƙauye cikin fadama cewa an shiga gona, sai a ce babu mota, ko babu mai.

Biyan kuɗi a hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke ratsa Haɗeja tsakanin Kano da Borno sun biya a ƙofofin gari, sun biya a mashigin kogi, madugu kuma aikinsa ke nan, ya yi ciniki da masu gari a madadin ayari. Turawan mulkin mallaka ma sun sa harajin ayari a farkon zuwansu, suka soke shi a 1907. Amma mai fito, in ya karɓi kuɗinka, zai sa ka a kwalekwale ya tsallakar da kai, kuɗin kuma sananne ne, kowa ya san na jaki ya san na mutum. Na shingen yau babu abin da ake ba ka sai izinin ci gaba da tafiyar da dama kana da haƙƙin yi.

Masu kaya sun taɓa nuna fushinsu a fili. A ƙarshen Fabrairun 2021 haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Babban abin da ya tunzura su shi ne rikicin kasuwar Shasha a Ibadan da asarar da 'yan Arewa suka yi, amma cikin bukatunsu har da kawar da shingayen tatsar kuɗi a manyan hanyoyi. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa suka yi tsada a Legas, suka faɗi warwas a kasuwannin Arewa. A farkon Maris aka janye bayan alkawura. Manomin fadama ne ya fi kowa jin jiki a wannan mako, kayansa na ruɓewa a gona, shingayen kuma suna nan.

Akwai ƙasar da ta yi maganin irin wannan da gatari. A 2004 shugaban Jojiya, Mikheil Saakashvili, ya sallami 'yan sandan hanya na ƙasar, dubbansu, aka yi makonni babu su a titi, sannan aka ɗauki sababbi, aka ninka albashi, aka ba su motoci, aka mai da biyan tara banki. Karɓar na goro a titi ya ragu ƙwarai. Jojiya ƙaramar ƙasa ce, yawan mutanenta bai kai na Jigawa ba, ba ta kuma da 'yan bindiga a daji, don haka ba a ce a kwafo ta ba. Abin lura shi ne sun haɗa kora da albashi da kayan aiki a lokaci guda. A nan ɗaya ake ɗauka a bar sauran. A 2019 hukumar ICPC, da haɗin kan hukumar DSS da ita kanta Hukumar Kiyaye Haɗurra, ta yi samame a wasu jihohi ta kama gomman jami'an hanya da kuɗi a hannu. An yaba, an buga a jarida. Rundunar 'yan sanda na da sashen karɓar koke tun 2015, wayar hannu kuma ta sa an kori jami'an da bidiyonsu ya yaɗu a Facebook. Amma direban da zai bi hanya ɗaya gobe da jibi, ya wuce mutum ɗaya a wuri ɗaya, ba shi ne zai ɗaga waya ya ɗauki hoto ba. Baƙo ne ke iya wannan, shi da ba zai dawo ba.

'Yan sanda na tarayya ne, gwamna ba ya korar ko kurtu. Amma ba duk igiyar da ke kan hanya ce ta Abuja ba. Samarin haraji na ranar kasuwa, ciyaman ne ke iya janye su, doka ma ta riga ta ce a janye. Harajin kaya a karɓe shi a cikin kasuwa, sau ɗaya, da rasit ɗin da za a girmama har Kano. 'Yan bi'ayo na jiha ne, wurin aikinsu na gaskiya kuma tasha ce da gareji, inda za a duba mota tun ba ta ɗauki rai ba. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi suna taimaka wa 'yan sanda da motoci da mai, wanda ke ba da mai kuwa yana da bakin tambayar shinge nawa aka amince da su tsakanin Guri da Haɗeja, a ina da ina, a kuma kafe jerin a tasha kowa ya gani.

Mafi wuyar duka yana hannun ƙungiyar direbobi. Ita ce ta san kowace mota da ke lodi, da direbanta, da layinta, ita ce ke yanka tikiti kowace safiya ba fashi. In ta ce motar da tayarta ta suɗe ba za ta shiga layi ba, ba za ta shiga ba. In ta ce mutum ɗaya a gaba, uku a baya, direba zai isa shinge babu abin da ake riƙe shi da shi, ƙungiyar kuma za ta iya tsaya masa in an ce ya faka. Sai dai motar da ke ɗaukar shida in ta koma huɗu, kuɗin kowane fasinja zai ƙaru da rabi, a yankin da mace ke sauka daga mota saboda ƙarin naira 100. Wannan ƙarin ba Sufeto Janar ne zai biya shi ba, ba kuma direba ba. Mutanen Kadira da Musari ne, kuma da su ya kamata shugabannin tasha da ciyaman su fara zama kafin kakar tattasai ta kama.